Ragon Mudir Ya Tsira

Shekara tara ke nan da rasuwar Mista Kolin, Baturen Ingila da na yi wa direba a nan Jidda har muka koma kamar 'yan uwa. Mudir nake kiransa, wato shugaba da Larabci, shi kuma yakan ce mini "ya akhi Habu", wato ɗan'uwana Habu. Can ƙasarsu ya rasu bayan 'yar jinya, ko kabarinsa ban sani ba. Kewarsa ba ta taɓa sakina ba, amma a bana ta fi ci na, saboda wani jirgin ruwa da ya bar mini.

Mutum ne da zama wuri ɗaya ke sa shi ciwo. Aikin kamfani ya kawo shi, ya ajiye, ya samo kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya masa, ya faɗa kasuwanci ido rufe. Ya yi askirim na nonon raƙumi, injin ya mutu ana tsakiyar zafi, kaya suka narke suka bi kwata. Ya kwashi kilishin matan Nuzla, unguwar da aka haife ni, ya kai manyan otal-otal, baƙi suka ce yaji zai kashe su. Ya buɗe hayar kayan nutso a bakin tekun Abhur, wannan kam ta karɓe shi.

Yana da wata al'ada da ban taɓa gani wurin kowa ba. Kafin ya fara kowace harka sai ya ce, "Yalla, mu je, Habu, kasuwar dabbobi." Ya sayi rago mu ɗaure a bayan gidana. In harkar ta rushe, a yanka, matata Rabi ta dafa shinkafa, a tara unguwa. In ta yi kyau, rago ya tsira, ya jira kasada ta gaba. Na taɓa ce masa mutane fa walimar nasara suke yi. Ya ce, "Ranar nasara ba na rasa abokan ci. Ranar faɗuwa ce ba na son cin abinci ni kaɗai." Rabi takan ce Allah Ya shirya Baturen nan, ba a fara ba ya sayi ragon makoki. Maƙwabta kuwa in sun tambaye ni yaya harkar Mudir, na san naman suke tambaya.

Jirgin ma Rabi ce sanadinsa. Wata rana ta ce masa a bakin teku ta girma, amma ba ta taɓa ganin abin da ke cikinsa ba, tunda ba ta iya iyo ba. Ya ce halas, shi ke nan, zai ƙera jirgi mai gilashi a gindi, tsofaffi da alhazai su zauna a bushe su kalli kifi. Ana dab da gamawa ciwo ya kama shi, dole ya koma ƙasarsu jinya. A filin jirgin sama ya riƙe hannuna ya ce, "Ka jira ni, tare za mu sa jirginmu a ruwa." Na rufe jirgin da tamfol a harabar wani maƙeri a Abhur, na jira.

Nakan ce da zai leƙo yau, me zai ce? Wurin da shagonsa na kayan nutso yake ya zama gidajen alfarma. 'Yan mata suna tallar kilishi ta waya, da yajinsa da komai, ana rububi. Na san dariya zai yi har ya riƙe ciki, ya ce ya yi sammako ne kawai. Abin da zai ɓata masa rai shi ne Nuzla. Rusau ya watsa maƙwabtanmu, in ya yanka rago yanzu ban san wa zai gayyata ba.

A bana maƙerin ya sayar da filinsa, ya ce in ɗauke jirgi ko masu sayen ƙarfe su yanka shi. Na kasa cin abinci. Rabi ta dube ni, ta kira ni da sunan 'yarmu, ta ce, "Abu Salma, wanda kake jira ba zai dawo ba. Tashi ka sayo rago."

Na sayo. Aka canza robar gilashin da zafi ya busar, muka tura jirgin cikin ruwa. Bai nutse ba. Rabi ta durƙusa a kan gilashin tana kallon kifaye suna kewaya murjani, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago fuskarta a jiƙe take. Ta ce, "Ashe haka ne."

Askirim ya narke, shago ya tafi, unguwa ta watse. Abin da ya rage na Mudir shi ne jirgin nan, da kuma dokarsa, wadda ta ce ragon da ya tsira sai ya jira kasada ta gaba. Ni kuwa direba ne, ban iya ƙirƙiro kasada ba. Kullum da safe nakan zuba wa ragon ciyawa in zauna kusa da shi, mu biyu muna jiran wanda zai ce mana yalla.