Gangarar da Alwyn Ya Yi wa Thelma

Kantin Krause da ke garinmu Yarrabilla yana tsaye ne a kan ginshiƙan itace saba'in da biyu. Da kaina na ƙirga su, da rarrafe, domin gyaran ginshiƙan gidaje ita ce sana'ar da na gada wajen mahaifina. Kowane ginshiƙi da 'yar hular kwano a kansa, don in gara ta hauro daga ƙasa dole ta fito fili ta zagaya kwanon, a gan ta.

Kakan Alwyn Krause ne ya gina shi a 1908. Katako ko'ina, rufin kwano, baranda mai dirka shida da ta yi wa masu wucewa inuwa, sai doguwar fuska a sama da ke sa baƙo ya ɗauka bene ne. A ciki akwai kanta mai tsawon mita tara da durowa ɗari da goma. Alwyn ya karɓi kantin yana ɗan shekara ashirin da shida, kuma tun daga nan duk watan Satumba sai ya shiga ƙarƙashi da guduma, ya ƙwanƙwasa ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Shekara hamsin da huɗu bai tsallake ba.

Da ɓarin jikin matarsa Thelma ya shanye, ta ce ita fa ba a ajiye ta a gida kamar tsohuwar kujera. Cikin kwana biyu Alwyn ya ƙera mata gangara ta katako daga bakin titi zuwa ƙofar gefe, yadda zai riƙa turo kekenta. Shekara huɗu tana zaune a jikin bangon yamma tana saƙa, tana yi wa masu ciniki tsiya. Bara waccan ta rasu.

Bana gwiwoyinsa suka ƙi, ya kira ni.

“Ke 'yar gidan Pringle, zo ki yi mini rarrafen. Kada ki fasa mini ginshiƙi da wannan hannun naki kamar shebur.”

“Kawu Alwyn, in sun jure ka shekara hamsin, ni ce zan gagare su?”

Ina saka safar hannu ya ce, a hankali, wai da tsakar rana in kanti ya yi shiru yakan ji ƙaf-ƙaf a bangon yamma, sak ƙarar alluran saƙar Thelma. Yakan ja kujera ya zauna ya saurara.

Minti arba'in na yi a ƙasa. Saba'in da biyu, duk lafiya ƙalau. Ina fitowa ta gefe sai na haska ƙarƙashin gangarar. Bakinta kwance yake a kan ƙasa, babu kwano, babu komai, ga hanyar laka mai kaurin yatsa ta bi katakon ta shige bango. Na shiga ciki na danna wuƙa a bangon yamma, ta nutse kamar a burodi. Katako goma sha ɗaya sun zama ɓawo.

“Gara ce, Kawu. Ta gangarar ta hau. In ba a cire ta an zuba magani ba, damina biyu bangon nan ya zube, hukuma ta rufe maka kanti.”

Bai ko ɗago ba.

“Yarinya, tun ba a haife ki ba nake sauraron katako. Kina zaton ban san kukan gara ba? Tun watan Maris na gane.”

“To me ya sa ka yi shiru wata shida?”

“In an zuba maganin, ƙarar za ta daina?”

“Za ta daina.”

Ya nemi mako ɗaya, na ce kwana uku, don ni na ga cikin katakon.

Ranar Alhamis na zo da ƙarfen ɓamɓara, ya karɓe daga hannuna. Ya ce shi ya yi gangarar, shi zai cire ta. A zaune a kan akwati ya yi aikin, ƙusa ɗari biyu da sha huɗu, yana miƙe kowace da guduma yana jefawa a gwangwani. Na zuba magani, na canja katako sha ɗayan, bangon ya tsaya.

Kantin yana nan yana ciniki. Sai dai yanzu da sha biyu ta yi, Alwyn yakan rufe ƙofa ya fito baranda ya zauna, bayansa ga kantin, ba ya komawa ciki sai ya ga mai saye ya tsaya.