Hannun da Yaya Ilu ya ɗaga a Onica

Shekara arba'in ke nan da na yi wa yayana Ilu ganin ƙarshe a bakin tashar mota a Onica, can ƙasar Inyamurai. Ban ce shekara arba'in da rasuwarsa ba, don ba wanda ya wanke shi, ba wanda ya nuna mana kabari. Allah ne masani.

Yaya Ilu mahauci ne, shi ne kuma wakilin unguwarmu ta Hausawa a majalisar gari. Muna zaune a gefen babban kogi, amma ruwan alwala sai an ɗebo daga rafin da ake wanke hanjin shanu. Duk damina sai gudawa ta ɗauki yara. Cikinsu har da 'yarsa Hajara.

A shekarar ne aka kafa hukumar ruwa ta yanki. Majalisar da ta shiga, za a ja bututu zuwa kowace unguwarta. Wadda ta ƙi, ta zauna da rijiyoyinta. Kansiloli suka rabu biyu, wasu na tsoron ikon ruwa ya fita hannunsu. Aka sa ranar Alhamis don ƙuri'a. Ni na rubuta masa jawabinsa da ajami, yana faɗa ina rubutawa. Daftarin farko yana cikin gafakata har yau.

Kafin Alhamis ta zo, labarin kashe-kashen da aka yi wa Inyamurai a Arewa ya iso, gawarwaki da masu rauni suka biyo baya. Gari ya ɗauki zafi. Ranar Talata muka samu babbar mota. Na riƙe masa wuri kusa da matarsa.

"Yaya, hau mu tafi. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta."

Ya yi dariya. "To da wane ruwan zan shafa wa nawa, Malam ƙarami? Ai shi nake nema. Ku je, jibi ina tafe."

Ban sauko na ja shi ba. Wannan ne abin da nake kwana da shi, nake tashi da shi.

Bayan yaƙin basasa na koma. Unguwarmu kango, amma ga famfo a ƙofar masallaci yana zuba. Na nemi wani dattijon kansila, Inyamuri, da ke sayen nama a wurin Yaya a da. Ya ce Yaya ya zo taron, shi kaɗai mai hula a zauren. Ba wanda ya gaishe shi. Da aka kira ƙuri'a ya ɗaga hannu, masu son shiga hukumar suka rinjaya da ƙuri'a ɗaya. Dattijon ya ce ya roƙe shi ya kwana gidansa, Yaya ya ƙi, don kada ya jawo wa iyalin dattijon bala'i. Ya fita ya nufi gadar kogin. Daga nan ba labari.

Bara na sake zuwa. Famfon ya bushe, an ɗaure akuya a jikinsa. 'Yan Arewa ne yanzu ke tura kurar jarkoki suna sayar da ruwa wajen kasuwar Ochanja, baburan okada na kutsawa tsakaninsu. Da Yaya zai gani, ban san ko zai ce banza ta kashe shi ba. Ina zaton zai tambaya ne kawai, wa ke zaune a kujerarmu yanzu?

Malamai sun ce shayar da ruwa sadaka ce mai gudana. Famfon nan ya shayar da unguwa shekaru da dama, Musulmi da Kirista, kuma yaran da suka sha sun zama iyaye. Tun da ba ni da kabarin da zan ziyarta, na sayi ruwa buta ɗaya, na yi alwala a gindin busasshen famfon, na ɗaga hannu kamar yadda ya ɗaga. Allah ya jiƙan Ilu, a duk inda ƙasa ko kogi ya ajiye shi.