Ranar da Na Tsallake Hannun Dama

Ni mutum ne mai tsoron takarda mai hatimi. Tun ina sabon ɗauka a aikin koyarwa haka nake, har yanzu kuma da furfura ta fara leƙowa ban warke ba. In aka ce shugaban makaranta yana nemana a ofis, kafin in ƙarasa na gama tuno laifuffukana na wata uku. To irin wannan mutumin aka kira wata Litinin a farkon damina, aka ajiye masa wasiƙa a gaba.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare, a wani ƙauye gaba da Kiyawa. Iyalina suna Dutse, kullum sai na yi sammako na hau babur, kuma shekara biyu ke nan ina zaryar ma'aikatar ilimi ina neman a dawo da ni cikin gari. Wasiƙar daga jami'ar da ke Dutse take. Wasu malamai masu bincike ne suke so su zo su zauna a darasin lissafi da na kimiyya, su ga waɗanne yara ake bari a baya: 'yan mata, 'ya'yan makiyaya, masu wata lalura a jiki, da duk wanda aji ke tafiya ba da shi ba. Sun rubuta ƙarara cewa ba duba malamai za su zo yi ba, kuma suna roƙo a bar komai yadda yake kullum.

Shugabanmu dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau, bai yarda da takarda mai daɗin baki ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, ka taɓa ganin wanda ya ƙona man mota daga Dutse ya koma bai rubuta rahoto ba?"

"Ranka ya daɗe, ai sun ce bincike ne kawai."

"Rahoto ƙafa gare shi, sai ka tsince shi a ma'aikata. Wurin 'yan aji uku za su fara shiga, wato ajinka. Kai ne mai neman canjin wurin aiki, ka san abin yi."

Na kuwa san abin yi, don ba a kaina aka fara ba. Akwai wata tsohuwar dabara da muka gada daga malaman da suka riga mu. In baƙi za su zo, sai a koyar da darasin tun kafin ranar, a maimaita shi har yara su haddace. Sannan a ce musu duk tambayar da malam ya yi, kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga na dama, wanda bai sani ba ya ɗaga na hagu. Baƙo zai ga aji ya cika da hannuwa ya ji daɗi, malam kuma ya san inda zai nuna. Ba mu ɗauke shi ha'inci ba, rufin asiri muke kiransa, kamar yadda ake share tsakar gida a tura tarkace bayan ɗaki in an ji sallama.

A ajin akwai wata yarinya da muke kira 'yar mai keke, saboda mahaifinta ne ke kawo ta kowace safiya a bayan kekensa daga wata ruga mai nisa, ya sauke ta a bakin makaranta sannan ya wuce gona. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, ya tafi da yawancin jinta. Bakin mutum take kallo ta gane abin da yake cewa, shi ya sa na ba ta bencin gaba, daidai inda nake tsayawa. In ta yi magana muryarta kan fito da ƙarfi fiye da yadda take nufi, wasu kalmomin kuma a karkace, yara su yi ta ƙunshe dariya. Amma in ka ba ta lissafi a rubuce, to ka matsa gefe.

A ƙarshen wannan zangon ne 'yan aji uku za su cike takardar zaɓi, ko ajin kimiyya a babbar sakandare ko wanin sa. Ita kimiyya take so, ta taɓa rubuta min haka a ƙasan littafinta. Mahaifinta kuma ya taɓa tsayar da ni a bakin ƙofa, yana riƙe da kan keke.

"Malam, ku ne idonmu. In kun ga za ta iya, ko babbar makarantar ta fi wannan nisa zan kai ta. In kuma kun ga ba za ta iya ba, ku faɗa min gaskiya, kada in yi ta wahalar da ita."

Na ce masa za ta iya, ya kwantar da hankalinsa. Da bakina na faɗa.

Kwana uku muka yi muna shirin baƙi. Na zaɓi darasin alwatika, a ba ka kusurwa biyu ka nemo ta uku, muka tisa shi har ni kaina na gaji da shi. Na sake wa yara wurin zama, masu sabon yunifom da bakin Turanci suka dawo gaba. Da na zo kan 'yar mai keke sai na tsaya. Na hango ta ta miƙe gaban baƙi, muryar nan ta fashe, aji ya kwashe da dariya, baƙo ya yi mata wata tambaya daga baya inda ba ta ganin bakinsa, ta yi tsuru-tsuru, alƙalami ya hau takarda. Na ce wa kaina ai kare ta zan yi daga kunya. Ƙarya nake, kaina nake karewa.

Na mayar da ita bencin ƙarshe. Sannan na tsaya a gabanta don ta ga bakina sosai, na ɗaga hannuna na hagu.

"Ke kam hagu. Kowace tambaya, hagu. Kin gane?"

Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta gyaɗa kai.

Ranar Alhamis suka zo, su biyu. Namijin ya wuce ajin da ake darasin kimiyya, macen ta shigo nawa. Dakta ake ce mata, 'yar Filato ce da ta daɗe tana aiki a Dutse, Hausarta tar, sai dai da ta buɗe baki ka san ba a nan aka yanke mata cibiya ba. Ba ta yarda ta zauna a kujerar da muka goge mata a gaba ba. Ta ɗauki takardarta ta je can baya ta zauna a gefen bencin ƙarshe, kusa da wadda na ɓoye. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Darasi ya fara tafiya kamar ruwa. Na yi tambaya, hannuwa suka tashi, na nuna na dama, amsa ta fito daidai. Na fara jin kamar zan tsira. 'Yar mai keke tana ɗaga hagu yadda aka umarce ta. Dakta kuwa ɗan zane kawai take yi a takarda.

Saura kaɗan a buga ƙararrawa ta miƙe ta zo wurina, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, don Allah ko za ka sa musu wannan a allo? Guda ɗaya ce."

Alwatika ce ita ma, amma an ja gefe ɗaya ya zarce waje, kusurwar wajen aka bayar, ake neman ta ciki. Ba mu tisa wannan ba. Na zana ta a allo, na ba su ɗan lokaci, Dakta na zagayawa tana leƙa littattafai. Sannan na ce wa zai gwada.

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Na bi su da ido daga gaba zuwa baya, hagu, hagu, hagu, har zakaran ajin da nake taƙama da shi hagu ya ɗaga. Can a bencin ƙarshe sai ga hannun dama ƙwaya ɗaya. Ba mantuwa ta yi ba. Ta fara ɗaga hagun, na gani, sannan ta sauke shi a hankali ta ɗaga na dama, ta kafe ni da ido.

Wannan ɗan lokacin na sha komawa cikinsa. Abin da kawai zan yi shi ne in miƙa mata alli ta zo ta rubuta, ba sai ta ce uffan ba. Amma tsoro ya riga ya toshe min kai. Ba abin da nake ji sai muryar shugabanmu yana cewa rahoto ƙafa gare shi. Na ɗauke idona daga kanta na nuna zakaran ajin. Yaron ya miƙe yana kallona da mamaki, ya yi 'yan kame-kame ya zauna. Hannunta na nan a sama. Na juya wa ajin baya na warware lissafin da kaina, ina magana da allo, inda ba za ta ga bakina ba. Da na waiwayo ta sauke hannun.

Bayan an tashi Dakta ta kira ni gindin darbejiyar da ke tsakar makaranta.

"Malam, ashe ajinku duk bahagwai ne?"

Ta yi dariya, ni ko na kasa. Ta ce kada in damu, ita ma ta koyar a sakandare kafin ta shiga jami'a, ta san hannun hagu da na dama, babu makarantar da ba ta da irin nata rufin asirin. Ta ce sunana ko sunan makarantar ba zai shiga ko'ina ba, ba haka aikinsu yake ba. Wallahi sai da na ji wani sanyi ya ratsa ni, kuma har yau ina jin kunyar wannan sanyin.

Sai ta nuna min takardarta. Zanen ajina ne, benci-benci, da ɗan ɗigo a kan duk wanda na kira. Ɗigon duk ya taru a gaba. Ta ɗora yatsa a kan bencin ƙarshe.

"Wannan yarinyar ita kaɗai ta samu amsar. Ta hanya biyu ma ta yi ta. Kullum a nan take zama?"

"A'a, Dakta. A gaba take zama."

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce abin da suke yawo suna nema ke nan, yadda ake yi yaro mai iyawa ya ɓace a cikin aji ba tare da kowa ya ƙi shi ba. Ta naɗe takardarta suka tafi.

Washegari babu keke a bakin makaranta. Na ce ko ruwan da aka yi ne ya ɓata hanya. Litinin babu, Talata babu. Kowace safiya ina isowa idona na kan ƙofa, in na ji ƙarar keke sai in leƙa ta taga, in ga mai sayar da rake ne ko wani. Abinci ya daina yi min daɗi, har uwargida ta tambaye ni ko takardar canjin ce aka hana. Ranar Laraba da aka tashi na karkata babur na nufi rugarsu.

Na sami mahaifinta a gona yana noma, gero ya kai gwiwa. Ya ajiye fartanya ya gaishe ni da girmamawar da ban cancanta ba.

"Malam, ai da ba ka wahalar da kanka ba. Saƙonka ya iso. Ta ce ka mayar da ita baya, ka ce ta riƙa ɗaga hannun waɗanda ba su sani ba. Ta ce ta gwada ɗaga ɗayan gaban manya, ka nuna mata ba haka ba ne. Ni na roƙe ka gaskiya, ka kuma faɗa. Ba komai."

A tsaye a cikin kunyar gero na faɗa masa duk yadda aka yi, har da maganar canjin wurin aiki, ban rage komai ba. Na ce ita kaɗai ta ci tambayar baƙuwar.

"To me ya sa ba ka kira ta ba?"

"Tsoro, Baba."

"Tsoron wa? Ita ce ba ta ji, ita ce ake yi wa dariya, ta kuma ɗaga."

Daga ƙarshe ya ce zai kawo ta, amma zaɓin aji nata ne, ba zai tilasta mata ba.

Litinin ta dawo. A makon ne aka raba takardun zaɓi, za a karɓa ranar Juma'a. Na share mata wurinta na gaba, na nuna mata da hannu. Ta wuce ni ta je bencin ƙarshe ta zauna. Na bi ta na tsaya inda za ta ga bakina, na ce na yi kuskure, ta yafe min. Ta ce, "To, Malam," kamar yadda ake amsa wa babba.

Na yi ta neman hanya. Ranar Laraba na zana wata tambaya a allo mai wuya, irin wadda na san ita kaɗai za ta iya. Na zagaya kamar yadda Dakta ta yi, na leƙa littafinta. Amsar na nan, daidai, da ɗan layi biyu a ƙarƙashinta. Na koma gaba, na ce wa zai gwada. Ajin ya yi tsit, don yau babu baƙo, babu mai ɗaga hannun banza. Sai hannu ɗaya ya tashi a baya. Na yi maza na ɗauki alli na nufe ta, na miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Da muryar nan tata mai ƙarfi, wadda na ji tsoron baƙi su ji, ta ce:

"Malam, hagu na ɗaga."

Babu wanda ya yi dariya.

Ranar Juma'a ta kawo takardarta, da dangwalen mahaifinta a ƙasa. Gurbin kimiyya babu komai a ciki. A ƙarshen takardar akwai wurin da malamin lissafi zai rubuta ra'ayinsa. Na rubuta cewa ta fi kowa lissafi a ajin nan, gaskiya ce kuma. Na ɗago don in nuna mata, na tarar har ta fita, tana hawa bayan keke.