Burodin da Ya Cinye Ƙashin Festy

Festy Mulkerrin ya shekara ashirin da tara yana raba wasiƙu a ƙauyukan bakin teku na yammacin Galway, kuma ba a taɓa jin ya ƙi abin da aka miƙa masa ba. Ba haɗama ba ce, tsoro ne. Mutumin da zai tura keke cikin iskar da ke yaye rufin ɗaki, amma da tsohuwa ta ɗaure masa fuska sai jikinsa ya yi sanyi.

A wajenmu idan an ce maka ga shayi, sai ka ce a'a. A sake tayi, ka sake cewa a'a. A na uku ka ce, "To, ɗan kaɗan, tunda an riga an dafa." Wanda ya karɓa tun farko mayunwaci ne, wanda ya ƙi har sau uku kuwa ya zagi gidan. Gida goma sha ɗaya ke tare Festy kullum, kowanne da shayi da yankan burodin gida mai kauri, an lafta masa man shanu.

Duk wannan ci, ƙafafunsa kamar sillen kara. Cikinsa kullum a kumbure yana ƙugi, kuma babu katangar dutse tsakanin coci da bakin ruwa da bai taɓa tsugunawa a bayanta ba. Mata suka ce rashin aure ne, suka ƙara kaurin yanka.

Yayarsa Attracta, wadda suke zaune gida ɗaya, ita ta fara lura, don sau uku tana rage masa ƙafar wando. "Festy," ta ce, "ko dai wandon nan ne ke girma, ko kai ne kake komawa ciki." Ya yi banza da ita. Sai ran wata Lahadi ya yi atishawa a coci, haƙarƙari biyu suka karye. Atishawa fa!

A asibitin birni aka ɗauki hoton ƙashinsa, aka duba hanjinsa. Likitar, wata 'yar matashiya mai tabarau, ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Shekararka hamsin da uku, ƙashinka na ɗan tamanin ne. Ciwon siliyak gare ka. Hanjinka ba ya shiri da alkama. Duk lomar da ka ci sai ta ƙuje cikinsa, abin da ke gina ƙashi ya wuce bai shiga jiki ba. Shi kuma jiki da ya rasa, sai ya koma yana yagar na ƙashinka. Ba alkama, ba sha'ir. Burodi, biskit, giya, duk ka yi musu sallama. In ka kiyaye, ƙashin zai ɗan farfaɗo. In ka ƙi, ƙugunka ne zai biyo baya, kai da keke kuma har abada."

"Ko ɗan kaɗan, likita?"

"Ko ɓurɓushi."

"Ke 'yar ina ce?"

"Dublin, babban birni."

"Shi ya sa ba ki san mutanen ƙauyenmu ba," in ji Festy.

Ran Litinin ya isa gidan Concepta Folan, gida na ƙarshe a hanyarsa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyar duk suna Boston, can ƙetaren teku.

"Festy, zauna ga shayi."

"Na gode, Concepta. Likita ta hana ni burodi."

"Kai tafi can! Burodin da Ubangiji da kansa ya ce mu roƙa kullum?"

"Da gaske nake. Shi ke cinye mini ƙashi."

"Na kanti take nufi. Nawa bai taɓa cutar da kowa ba. Marigayi Colm shekara arba'in yana cinsa."

"Ai ya mutu."

"Tarakta ce ta take shi, ba burodi ba. Ungo."

Ya duba fuskarta, ya ga ta fara tsuke baki. Ya karɓa ya ci.

Daga nan ya ƙirƙiro dabara. Sai ya karɓa da godiya, da mai gida ta juya wajen buta ya zura a jakar wasiƙu, in ya zo kwanar dutse ya juye wa jakin wata mata, Delia Keady. Wata uku cikinsa shiru. Kumatu suka fito, har ya fara fito a kan keke. Kowace mace ta ce burodinta ne ya yi aiki. Jaki kuwa ya yi ƙiba har sheƙi yake.

Ashe Delia na kallo ta taga. Nata burodin ma yana cikin abin da jakin ke ci, amma wannan ba ta ga dalilin faɗarsa ba. Ita da Concepta tun suna 'yan mata ba sa ga maciji, don haka ta jira aka fito daga coci, mutane sun cika, sannan ta ɗaga murya.

"Concepta, jakina yana gaishe ki. Ya ce burodin ya yi daɗi, sai dai a rage gishiri."

Kafin la'asar gida goma sha ɗaya sun gane inda burodinsu ke ƙarewa. Aka daina yi masa tayi. Ana buɗe ƙofa kaɗan, a fizgi wasiƙa, a rufe. Ga lafiya ta samu, ba mai tilasta masa cin komai, wani sai ya gode wa Allah. Festy kwana tara ya iya jurewa. A na goma ya bi gida gida yana ba da haƙuri, yana cin yanka biyu-biyu a kan idon masu gida har da lasar yatsa.

"Kai ba mutum ba ne, kwandon shara ne," in ji Attracta. "Za su binne ka, su ci burodi a zaman makokinka."

Shekara ɗaya da rabi ya ƙara. Wata safiya ya tsaya a ƙofar Concepta, ya sauke ƙafa daga keke kamar kullum. Ba santsi, ba tuntuɓe. Ƙugun ne kawai ya ce ya gaji. Ita ta ji ƙarar daga kicin, ta ɗauka itace ne ya karye.

An sa masa ƙarfe. Bayan mako biyu sai ga Concepta a asibiti da rana tsaka, ta hau bas biyu kafin ta iso, da ƙunshi a cikin tawul. Ta zauna ta hau mita. Sabon mai wasiƙu da mota yake zuwa, in ji ta, sai ya jefa a akwatin bakin titi ya wuce, ko oda ba ya yi.

"Kwana goma sha biyu ban ji muryar mutum ba sai ta rediyo. Dubi yadda suka bar ka da yunwa! Ga shi da ɗuminsa."

"A'a, Concepta."

Ta ciro wuƙa daga jaka ta yanka. "Haba, ɗan kaɗan."

"A'a."

Ta shafa man shanu har gefe-gefe, ta miƙo. Ƙamshin ya cika ɗakin. Hannun Festy ya fara tashi da kansa, don ya saba. Ya dubi ƙafar da ke kwance a gabansa kamar ta wani, ya mayar da hannun ƙarƙashin bargo. Tsoro ya ji sosai.

"Na ce a'a."

Ba wanda ya taɓa faɗa mata haka. Ta sauke hannun da ke riƙe da burodin. Festy ya jira zagi, amma da muryar ta fito, ƙarama ce.

"To in ba ka ci ba, me zai zaunar da kai?"

Sai a lokacin ya gane abin da ya shekara talatin yana haɗiya. Tausayinta ya kama shi, haushinta ma ya kama shi, haushin kansa ya fi duka.

"Ai da kin ce in zauna, da na zauna," ya ce. "Yanzu kam ga ni. Likita ta ce ba inda zan ƙara zuwa."