Rubutun da Mama ta hana ni sha

Assalamu alaikum. Na san kun daɗe ba ku ji ni ba. Wasu sun ɗauka an rufe mini shafi ne saboda tsinin bakina. Ban mutu ba, amma na leƙa.

Waɗanda suka san ni a nan sun san aikina musu ne. Da an ce sammu ko rubutu, sai Modu ya fito da dogon bayani kan hankali da hujja. A gida ma, a unguwar Wulari, haka nake damun Mama. Takan ce, "Kai dai boko ya ɗauke ka," ta ci gaba da lazuminta.

Da zazzaɓi abin ya fara, a tsakiyar zafin Maiduguri. Na yi ta sayen maganin ciwon jiki a kemis ina haɗiya, ni mai hankalin. Sai amai. Sai fitsari ya ragu, har ya zama ba na yi. Ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

Kawu Bukar, yayan Mama, ya duba ni ya ce, "Jifa ne. Bakinsa ya ja masa."

Ƙanwata Yagana ta nemo keke napep ta kai ni asibiti.

Aka ɗebi jini, aka yi hoto. Likita ya ce ƙodata ta tsaya, sai an yi mini wankin ƙoda da inji. Ya ce wataƙila ta farfaɗo, wataƙila a'a. Ya ƙara da cewa ruwan da zan sha a yini kada ya wuce ƙaramin kofi, domin duk abin da ya shiga ba shi da hanyar fita.

Wanki ba arha ba ne. Tumakin Mama suka tafi, keken ɗinkin Yagana ya bi su. Amma wallahi ba kuɗin ba ne ya fi cin raina, ba kuma bututun da aka soka mini a wuya ba. Ƙishirwa ce. Harshena ya zama kamar busasshiyar fata. In ana alwala a waje, ƙarar butar kaɗai sai ta sa ni kuka.

Ana cikin haka Mama ta je Shehuri wajen malaminta, ta dawo da rubutu cike da jarka. Musu ya kaure a bakin gadona.

Yagana ta ce, "Kawu, likita ya hana ruwa."

Kawu ya ce, "Wannan ruwa ne? Ayar Allah ce. Ke likita kike bauta wa?"

Duk suka juyo gare ni, suna jiran Modu mai hujja ya yi abin da ya saba. Ni kuwa jarkar nake kallo, sanyinta na tsattsafowa. Na ce, "Kawu ya fi ki gaskiya. Ku ba ni."

Mama ta yi murna har da hawaye, ta ɗauka ɗanta ya shiryu. Ta cika kwano, na shanye. Ta ƙara, na shanye.

Washegari da azahar numfashi ya gagare ni. Ina kwance a busasshen gado amma nutsewa nake yi. Ina jan iska, ba ta shiga. Na riƙe zanin Mama ina so in ce ta yafe mini, maganar ta ƙi fita. Na tabbata tafiya ce ta zo.

Aka sa mini iskar numfashi, aka garzaya da ni kan inji. Ruwan ya taru a huhuna.

Da na farfaɗo na ji likita yana yi wa Mama magana a hankali. "Hajiya, ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. Ruwa na hana."

Mama ta ce, "Da hannuna na ba shi."

Daga ranar ta ajiye jarkar tsakanin ƙafafunta. Za ta tsoma hannu ta shafe mini fuska da ƙirji, ta ɗiga mini cokali ɗaya a baki, ta gaya wa nas a haɗa shi cikin ruwan yinin. Na roƙe ta. Na yi mata kuka kamar ɗan yaye. Har wa'azi na yi mata, ni Modu. Na ce, "Mama, ba ke kika ce aya waraka ce ba?"

Ta ce, "Aya waraka ce. Ruwan kuma ruwa ne. Yi shiru."

Bayan makonni fitsari ya dawo. Ban taɓa zaton zan ga gida guda suna hamdala a kan fitsari ba. Aka rage wanki, daga baya aka cire bututun.

Kawu yana nan a kan cewa rubutu ne ya tashe ni. Abokan musuna sun ce inji ne. Ku ci gaba, ni na gaji.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, da Yagana wadda aka kira mai bautar likita ta haɗiye.

Shawarata: ku daina haɗiyar maganin ciwo barkatai. In fitsari ya ragu ko ƙafa ta kumbura, ku je asibiti a ranar. Duk abin da za ku ba majinyaci, ko zamzam ne, ku gaya wa likita.

Ranar da aka sake mini ruwa, Mama ta ɗebo mini moɗa guda daga randa. Na kafa kai. Ban kai rabi ba na ji hannunta ya riƙe gindin moɗar.

Na ce, "Mama, likita ya yarda."

Ta ce, "Na ji. Sha a hankali."