Zoɓon Gwaggo a Ranar Wasan Jirage

Motar da Babanmu ya rasu ya bari ta girme ni, ta girmi Yayana, amma a gidanmu na unguwar Ruwais a Jidda ba mai ikon ce mata tsohuwa. Yaya cewa yake klasik ce, wai masu kuɗin garin nan suna neman irinta ruwa a jallo. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya zo taya ta ba sai masu sayen ƙarfe. Doguwa ce, mai faɗi kamar gado, koriya a inda tsatsa ta raga mata. Ciwonta ɗaya, ƙishirwa. Da ta ɗan taɓa tafiya sai ta ɗauki zafi, shi ya sa jarkar ruwa ba ta rabuwa da but ɗinta. Yaya kuwa makanike ne a unguwar Khumra, motocin mutane suna fita daga hannunsa garau, tasa ce kawai ta gagare shi.

Wata shekara aka ce jiragen soja za su yi wasa a bakin teku ranar bikin ƙasa, Yaya ya rantse sai ya kai Gwaggo ta gani. Gwaggo ƙanwar Babanmu ce. Umra ta zo tun ina goye, ba ta koma ba, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba kuma kafili, mai tsaya wa baƙo, da ya san da zamanta. Zoɓo da gyaɗa take sayarwa a lungunan unguwarsu, Sharafiyya. Mu da aka haifa a nan muna da takardunmu. Ita kuwa ranar da aka kama ta sai tarhil, a sa ta a jirgi a mayar da ita garin da kusan duk wanda ta sani a cikinsa ya riga mu gidan gaskiya. Saboda haka duk inda kaki yake, Gwaggo ba ta wajen.

Na gaya wa Yaya wannan ganganci ne, ranar biki askarawa sun kusa fin 'yan kallo yawa. Ya ce ba a tare klasik, sai dai a ɗauke ta hoto. Abin da ya ɗaure min kai, Gwaggo ce ta fi kowa zumuɗi. Da na yi tunani da na gano dalili tun a lokacin, don a wajenta taron jama'a kasuwa ce.

Da muka je ɗaukarta ta karɓi makullin but, ta ce za ta sa ɗan kayanta. Yaya yana can gaba yana goge bonet, yana yi wa maƙwabta bayanin injin da ba su tambaye shi ba. Ni kuma ina fama da ƙofar baya, wadda ba ta buɗuwa sai an doke ta da gwiwa. Ba wanda ya duba abin da Gwaggo ta sa, balle abin da ta cire.

Hanyar kurnish, wadda ta bi bakin teku, ta cika maƙil, motoci da korayen tutoci, kowa na danna oda kamar ita za ta buɗe hanya. Klasik ta fara tari. Yaya ya ce haka muryarta take. Wari ya fara shigowa, ya ce daga motar gaba ne. Sai tururi ya turnuƙe gilashi. Kuma da motar ta tashi mutuwa, duk faɗin Jidda ba ta ga wurin da ya yi mata ba sai gefen motar sintiri. Wallahi har yau ina jin da gayya ta yi.

Askarin da ya fito matashi ne, mai ladabi, wannan ma ya ƙara tsorata ni. Ya leƙa injin, ya tambaya ko muna da ruwa. Yaya ya ce ai shi ba ya fita ba shiri, ya zagaya yana taƙama ya ɗaga murfin but. Babu jarka. Gwaggo ta sauke ta a ƙofar gidanta don kularta ta samu wuri. Ga kula cike da robobin zoɓo a cikin ƙanƙara, ga gyaɗa ƙulli-ƙulli a leda, an jera su tsaf irin jerin mai talla.

Askarin ya tambaya na wane ne, na sayarwa ne? Yana tambayar yana kallon kujerar baya. Na san yadda abin yake tafiya: daga talla ba izini sai a ce kawo iƙama. Gwaggo ta ja mayafi ta lafe a jikin kujera. Yaya, mai bakin nan da ba ya mutuwa, ya tsaya riƙe da murfin but kamar an dasa shi. Na ji tsoron da ban taɓa jin irinsa ba.

"Sabil ne," na ce. "Sadaka ce don mahaifinmu da ya rasu."

A garin nan in aka ce sabil, wato abin sha da ake rabawa a hanya don Allah, ba a ƙara tambaya. Askarin ya yi wa Babanmu addu'a, fuskarsa ta sake. Sai kuma alherinsa ya yi yawa. Ya buɗe wa Gwaggo ƙofa da hannunsa, ƙofar da ni sai na doka, ya ce Hajiya ta fito ta raba da kanta don ladar ta fi yawa. Ya ɗaga murya ya sanar da mutanen da cunkoso ya riƙe. Nan da nan hannuwa suka fito ta tagogi. Mutanen da ke cikin motoci masu sanyi, ashe duk ƙishirwa suke ji.

Haka Gwaggo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da kaki, tana miƙa zoɓon da ta wuni tana dafawa, ana ce mata Allah ya karɓa, tana amsawa da kai don kada Larabcinta ya tona ta. Shi ma askarin ya sha, ya yaba da citta.

A daidai nan jiragen suka iso. Ƙarar ta girgiza ƙirjina. Suka wuce ƙasa-ƙasa a jere, suna zubar da hayaƙi kore da fari, ɗaya ya miƙe sama ya kife ya dawo. Kowa ya ɗaga kai, har askarin, har Yaya da bakinsa a buɗe. Na waiga in nuna wa Gwaggo. Idonta yana ƙasa, a kan takalmin askarin, hannunta yana ta miƙa robobi.

Da kula ta ƙare, Yaya ya juye ruwan ƙanƙarar da ta narke a lagireto, klasik ta tashi kamar ba ita ba. Tun daga nan har Sharafiyya yake yabonta, wai mota mai asali ba ta kunyata mai ita. Na ce ya yi min shiru ko in sauka. Bai yi ba, sai ma ya dubi madubi ya tambayi Gwaggo ko ta ga wanda ya kife a sama.

"Na ji ƙararsu," in ji ta.

Ya ce haba Gwaggo, duk wahalar nan don ki gani aka sha ta.

"Ɗan nan, ni jirgi ɗaya ya rage min in gani a ƙasar nan, kuma ban ƙosa ba."

Muka isa Sharafiyya. Jarkar tana nan a ƙofar gida inda ta bar ta. Gwaggo ta sauka, ta ɗauki kularta da ba komai a ciki, ta tura wa Yaya jarkarsa da ƙafa, ta shige.