Shahon da Idrus bai ga isowarsa ba

Teck Hin yana goge madubin hangen nesa waya ta yi ƙara. Rohaya ce, 'yar amininsa Idrus.

"Baffa, Baba ya rasu da asuba."

Teck Hin ya ajiye wayar. Ya leƙa taga, ya ga iska ta juyo daga teku, irin wadda shi da Idrus sukan jira duk shigowar Maris, mai kawo shahuna.

Idrus direban bas ne a garin Port Dickson na bakin teku har ya tsufa. Ba mai yawan magana ba ne, sai in an taɓo tsuntsu. Duk bazara shi da Teck Hin sukan hau dutsen Tanjung Tuan da ƙunshin shinkafar kwakwa, su ratsa kurmi, Idrus yana faɗin sunan kowane tsuntsu daga jin kukansa. A gindin hasumiyar fitilar da ke haska wa jiragen ruwa hanya suke tsayawa su jira shahunan da ke tsallako teku daga tsibirin Sumatra.

Sauran mutane manyan garke suke kallo a sama. Idrus kuwa sai ya nemo wanda ya fi gajiya, wanda ya yi ƙasa har fukafukansa suna neman shafar ruwa, ya bi shi da madubi. Ba ya saukewa sai tsuntsun ya kama reshe. Wai bai kamata a bar mai wahala ba ido a kansa.

Bara ciwon suga ya cinye masa gani. Duk da haka ya ce sai an kai shi. Teck Hin ya riƙe hannunsa har sama, suna tafe suna hutawa.

"Kai kurma, ka samo mini nawa shahon?" Idrus ya tsokane shi.

"Yi haƙuri mana, makaho. Ga wani can baya, shi kaɗai."

"Yana kaɗawa ko yana shawagi?"

"Kaɗawa yake. Ya yi ƙasa sosai, Idrus."

Idrus ya damƙi ƙarfen shinge. Teck Hin ya bi tsuntsun da madubi, sai ƙyallin rana a kan ruwa ya kashe masa ido. Ya nema, ya rasa.

A ranar Idrus ya faɗi a hanyar saukowa. Ya shekara a kwance bakinsa bai sake buɗewa ba, Teck Hin yana zuwa ya zauna kusa da shi. Abin da ya rage wa Teck Hin yanzu sai maganarsu ta ƙarshe a gindin hasumiya.

"Ya iso?" in ji Idrus.

"Ban gani ba, wallahi. Ya ɓace mini."

"To kada ka sauke madubin tukuna."